Juma'ar da Aka Hana Baba Ganin Rana

Na Allah ne mu, gare shi kuma za mu koma. Baba ya riga mu komawa ran wata Talata da hantsi, farkon damina, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba.

Kafin azahar gidanmu na Birni, a Damagaram, ya cika. Na zauna a bayan ƙofar zaure ta ciki, inda nake jin maza su ba sa ganina. Liman ya ce mutum ne mai yawan kallon sama, amma bai taɓa ganin kallon ya sa shi makara salla ba. Maƙwabcinmu na gabas, wanda ya shekara yana gaya wa mutane Baba ya taɓu, shi ne ya fi kowa cewa an yi rashin gwani. A cikin gida mata sai cewa suke, "Allah sarki, mai igwa." Wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta tako da ƙafa tun daga Tirmini. Ba ta gai da kowa ba sai da ta zauna gaban Inna, ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani ɗan hoto da ya ci gumi har ya yi ja. Ta ce, "Shi ya ba ni. Ku duba, kazata ce da 'ya'yanta." Inna da ba ta yi kuka ba tun safe, a nan ta fashe.

Ana shirin ɗaukar makara sai ga mota ta tsaya a bakin lungu. Baba Ƙarami ne, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda a lokacin ya zama babba a biron gwamnati. Tun daga waje ake jin kukansa. Ya kutso cikin mutane yana cewa, "Yayana! Ku bar ni in ga yayana!" Ya miƙa hannu zai kama makara, sai tsohon maƙeri, abokin Baba tun suna yara, ya sha gabansa.

"Akwai wasiyya," in ji tsohon. "Ya ce kada hannunka ya taɓa ta."

"Ni fa ƙanensa ne!"

"Ya sani. Shi ya sa ya ambace ka da suna."

Aka ɗauki Baba aka fita, Baba Ƙarami kuwa ya bi sahun baya da hularsa a hannu.

Tun ranar nan yake bin majalisa majalisa yana cewa ciwo ne ya gusar da hankalin yayansa, kuma wai shi ne ma ya yi ta kai da kawo har aka sake shi daga kaso, wato gidan yari. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Ina gidan ranar da abin ya faru. Idanuna biyu, kunnuwana biyu.

Mu zuriyar maƙeran tagulla ne. Kakan Baba yana cikin waɗanda suka zuba wa sarkin Damagaram igwa a zamanin da. Baba bai tsaya a maƙera ba. Ya koyi gyaran agogo, daga baya ya haɗa da ɗaukar hoto, ya buɗe ɗan shago a Zango. Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, ga saurin fushi in an taɓa masa kayan aiki. Yana cin tuwo a tsaye in hankalinsa na kan wani abu. Bai iya rarrashi ba. In na yi kuka ina ƙarama, sai ya ɗora mini agogo a kunne ya ce in saurara, shi ke nan.

Wani likita Bafaranshe da yake kawo masa gyara shi ya fara nuna masa wata ta cikin madubin hange. Da likitan zai bar ƙasar, bututun madubinsa ya riga ya lanƙwashe a hanya, sai ya cire gilasan ya ba Baba. Baba ya koma maƙerar abokinsa, ya ƙera sabon bututu na tagulla, tsawonsa ya kusa tsawon mutum, ya yi masa ƙafa uku da icen maɗaci. Ranar da aka hau da shi kan soro, unguwa ta fito kallo. Wani ya ce, "Jikan masu igwa ya koma sana'ar gida." Daga nan sunan ya bi shi.

Kallo kaɗai bai ishe shi ba, so yake ya riƙe abin da ya gani. Ya ɗaure akwatin hotonsa a gindin bututun. Na wata bai ba shi wahala sosai ba. Taurari ne suka wahalshe shi, don suna tafiya, in ya buɗe akwatin ya jira sai su fito kamar an ja zare. Ya yi rani guda yana fama, har ya kwance wani tsohon garmaho ya haɗa cikinsa da ƙafafun igwar, ta riƙa juyawa a hankali tana bin sama da kanta. In an wana ta sai ka ji tana ƙis-ƙis kamar gara a azara.

Yana da maganganunsa da duk gidan muka haddace. Da magariba in mun matsa masa ya nuna mana, sai ya ce, "Ku bari ƙasa ta huce tukuna, yanzu wata rawa yake." In ka matso kusa yana aiki, "Ja numfashinka can." In hoto ya lalace ba ya zagin kowa, sai ya ɗaga gilashin da hoton ya fito a kai ya ce masa, "Kai ma ka ga abin da ka yi."

Rigimarsu da Inna a kan ruwa take. Wanda ya zauna Damagaram da rani ya san tulu ɗaya abin da yake nufi. Baba kuwa hotonsa sai an ɗauraye, an sake ɗaurayewa. Wata rana Inna ta tashi ɗora tukunya ta tarar randa ƙaf, ga wata yana iyo a cikin tasa.

"Malam, yau watan za mu ci?"

"Ki duba mana, har duwatsunsa sun fito."

"Duwatsun da ke bayan gidan nan ba su ishe ka ba?"

Ta ɗauki tasar ta juye ruwan a tukunyar wanke-wanke, ta ɗora masa hoton a cinya yana ɗiga. Suka yi kwanaki ba sa magana. Abin da ya raba rigimar, Baba ya sayi jaki, ya riƙa zuwa rijiya da kansa bayan asuba, shi da yake da shago da suna. Mutane suka yi dariya har suka gaji. Inna kuma, da ta ce ba za ta taɓa sa ido a abin nan ba, ita na kama wata magariba a kan soro tana leƙen Zara matar wata. Ta ɗago tana riƙe da haɓa ta ce, "Ashe ita ma jinjira ce, ƙahonta biyu."

Tsohuwar Tirmini kuwa, a shago suka haɗu. Ta ga hoto a bango, baƙi da ɗige-ɗigen fari, ta tambaya mene ne. Ya ce kaza da 'ya'yanta ce, taurarin nan da manoma ke duba lokacin shuka da su. Ta ce ƙarya ne, tun tana yarinya take ƙirga su, ba su kai haka ba. Ya ce sauran ƙanana ne, ido ba ya kai musu. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce ita ma ta haifi da yawa, biyu kawai suka tsaya, sauran ba wanda ke tuna su sai ita. Baba ya cire hoton daga bango ya miƙa mata, ya kuma saye gyaɗar duka, har muka ƙosa da ƙuli a gidan.

Shi ya riƙe Baba Ƙarami tun mahaifinsu ya rasu. Da aka zo ɗibar yara lakwal, makarantar boko, mutane na ɓoye nasu a rumbu, shi ya kama hannun ƙanensa ya kai shi da kansa. Shi ya ɗinka masa wandon farko, shi ya yi masa aure. Da ya zama tafinta a biron kumandan, Baba ya ɗauke shi hoto da kwat da takalmi, ya rataye a inda kowa zai gani. Duk Juma'a a gidanmu yake cin abinci. Ya san kowane lungu na gidan.

Tun kafin likitan nan ya tafi ya gaya wa Baba cewa akwai shekarar da wata zai rufe rana a kan ƙasarmu, da kaka, ranar Juma'a. Baba ya riƙe wannan magana shekara da shekaru. Saboda ita ya koyi ɗaukar rana. Yakan saukar da haskenta ta cikin igwa a kan farin ƙyalle, ya nuna mana baƙaƙen tabo a fuskarta, ya ce gobe za su matsa, su kuwa matsa. Ya aika Kano wurin direbobin kamyo, manyan motocin kaya, aka kawo masa sababbin gilasan hoto, ya ɓoye su a cikin tsohuwar tukunyar Inna ta aure, a ƙuryar ɗakinta, ya rufe da zannuwa don kada zafi ya taɓa su. Tare da su ya adana duk hotunan da ya fi so. Ya turara gilasai da hayaƙin fitila ya raba wa unguwa, yana bin gida gida yana gargaɗi kada kowa ya dubi rana da ido tsirara. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta wannan damina ba. Ni kuma ina gida wankan jegon ɗana na fari.

Zamanin kuwa ba na fara'a ba ne. An yi zaɓe, ɓangare ɗaya ya faɗi, manyansa wasu sun tsere Kano, ana bin na baya ɗaya ɗaya. Baba bai taɓa shiga jam'iyya ba. Baba Ƙarami ne ya shiga, kuma ta waɗanda suka faɗi. Kujerarsa ta fara rawa. Sai ya nemi abin da zai wanke kansa da shi a gaban sababbin iyayen gidansa, abu mai tsada, wanda zai nuna ba ya ƙyale ko nasa.

Saura 'yan kwanaki Juma'ar ta zo, da la'asar, jandarmomi suka shigo gidanmu ba sallama. Akwai Bature ɗaya, ga Baba Ƙarami a bayansa. Na leƙo daga ɗaki da jariri a hannu. Suka hau soro suka tarar da igwa. Daga kan soronmu ana hango barikin soja da ke kan tudu, kamar yadda ake hango shi daga kan kowane soro a Birni. Baturen ya yi tambaya, Baba Ƙarami ya juya ta da Hausa, idonsa a ƙasa.

"Wai me kake kallo da wannan?"

Baba ya ce, "Rana da wata da taurari. Kai ma ka sha leƙawa. Gaya masa."

Baba Ƙarami ya juya ya yi magana da Faransanci. Ni ban ji ba, amma Baba ya zauna da likita, yana tsintar abin da ya tsinta. Sai na ji muryarsa ta canza.

"Ba haka na ce ba. Ban ce bariki ba. Ban ce Kano ba. Ƙanena, dube ni. Ba haka na ce ba!"

Baba Ƙarami bai dube shi ba. Ya sauko, ya wuce ɗakin Baba, ya wuce shagon kaya, ya nufi ɗakin Inna kai tsaye, ɗakin matar yayansa, ya nuna tukunyar da yatsa. Mu huɗu muka san abin da ke cikinta, shi ne na huɗun. Suka fito da ita tsakar gida. Baturen ya ɗaga gilashi ɗaya a haske, ya ga ɗige-ɗige, ya ɗaga wani, bai ga bariki ba. Da ya gaji sai ya tuntsure tukunyar da ƙafa. Aikin shekaru ya tarwatse a gaban murhu. Har bayan wata guda Inna na tsintar gilashi a cikin ƙasa, ba ma barin kowa ya taka ba takalmi.

Suka tafi da Baba, suka tafi da igwa a kafaɗar fursuna biyu.

Ranar Juma'ar na goya ɗana na kai wa Baba abinci kaso. Gardi ya ce in jira. Ina zaune a gindin itacen bedi, an sauko daga masallaci ke nan, sai haske ya fara yin wani iri, kamar an zuba wa rana toka. Iska ta yi sanyi. Kaji suka nufi akurki. Daga cikin gari aka fara kabbara, yara na dukan gwangwani. Na ciro gilashin da Baba ya turara na duba. Rana ta koma kamar yankan farce. A ƙasa kuma, duk inda haske ya ratso ganye, ƙananan jinjirin wata ne birjik, yadda ya ce za a gani. Gardin da ke tsare da ƙofa ya matso ya ce in ara masa. A kan soraye duk Birni mutane na kallo da gilasan Baba. Mai gilasan yana bayan bango, taku kaɗan daga inda nake.

Na roƙi gardin. Na ce ya fito da shi tsakar gidan kason ko da ɗaure ne, ya ɗaga kai sau ɗaya. Ya ce an ba da umarni daga biro kada a fito da shi yau. Yau ɗin nan musamman. Wa ya san muhimmancin ranar a biro in ba mutum ɗaya ba?

Sai bayan an sami mulkin kai aka sake shi, ba shari'a, ba bayani. Ya fito da tari wanda bai rabu da shi ba har kabari. Daren farko bai tambayi shago ba, bai tambayi jaki ba. Ya ce in zauna in gaya masa yadda ta kasance. Na faɗa, ya sa na maimaita. Ta wane gefe wata ya fara cin rana? Tauraro ya fito? Da na gama na ce, "Baba, kai ba ka ga komai ba?"

Ya ce, "Na gani. Akwai ramin ƙusa a kwanon rufin. Rana ta sauko ta nan, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar wake, ta kwanta a ƙasa kusa da garwar bahaya. A nan na durƙusa na kalle ta."

Bai ƙara hawa soro ba. Ya koma ɗaukar hoton katin shaida, kai da kafaɗa, kai da kafaɗa, daga safe har yamma. Ya cire hoton mai kwat daga bango, bai yaga ba, ya sa shi ƙarƙashin ƙafar teburin da ke girgiɗi. Dangi suka yi ta zarya a kan a shirya. Gwaggo ta zo daga Takieta ta yi kuka, ta ce ciki ɗaya suka fito. Baba Ƙarami ya aiko da rago da babbar riga, ya ce a tambayi yayansa me yake so, ko mene ne. Baba ya sa aka mai da ragon, ya ce wa ɗan aiken, "Ka ce masa ya dawo mini da Juma'ar nan."

Abin da ya ƙarasa shi ya faru ana saura 'yan watanni ya rasu. Baba Ƙarami ya gina sabon gida a Sabon Gari, mai bene, aka shafe shi da farar ƙasa. Wata rana Baba ya bi ta wajen zai kai agogo. Ya dawo bai kai ba, ya zauna a zaure, bai taɓa tuwo ba. Da na matsa masa ya ce, "Igwata tana can. Ya karɓo ta daga jandarma, ya fasa gilasan, ya tsaga bakinta, ya yi indararo da ita. Na gane ɗinkin dalmata." Ya yi tari mai tsawo. "Na ƙera ta ta kalli sama, shi ya kifa bakinta ƙasa."

Washegarin sadakar bakwai na ɗauki gudumar Baba, na ce wa maigidana ya ɗauko tsani. Ya dube ni, ya dubi gudumar, bai tambaye ni ba. Muka ratsa kasuwa da rana tsaka. Mun tarar da Baba Ƙarami a ƙarƙashin rumfa da baƙi, manya daga biro, sun zo yi masa ta'aziyyar yayansa. Maigidana ya jingina tsani zai hau, na ce a'a, ubana ne. Na ɗaure zane na hau.

Dukan farko ya fito da su duka. Baba Ƙarami ya tsaya a gindin tsanin, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, sauko mu yi magana a ciki."

Ban ce masa Baba ba. Na kira shi yadda 'yan aiken biro ke kiransa da Faransanci. Na ce, "Mushe, matsa, kada ƙasa ta ɓata maka riga."

"Ɗiyata, ana kallonmu."

"Shi ya sa na zo da rana."

Na ci gaba da duka har ginin ya saki. Na zare ta, ta yi kore, cikinta duk kashin tantabara. Na miƙa wa maigidana. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambaya mene ne wannan, sai na tsaya a kan tsanin na gaya musu, tun daga tukunyar Inna har ramin ƙusa, da Hausa, ba tafinta. Ba wanda ya katse ni. Da na sauko wasu sun fara neman takalmansu.

Na bar masa rami a kan katanga wanda yaro zai iya shiga. Duk maginin da ya kira a Birni da Zango sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Kafin ya samo wani daga Garagumsa an yi ruwa biyu masu ƙarfi, bangon ya sha, ya tsage daga sama har ƙasa. An lallaɓe, an shafe, amma duk damina sai tsagar ta sake buɗewa.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa, ya yafe masa saurin fushinsa da randunan Inna da ya ƙarar. Ya nuna masa abin da aka hana shi gani, da wanda ya fi shi.

Ƙanensa kuwa, ina roƙa masa tsawon rai da lafiyar kunne. Yaran Sabon Gari sun riga sun sa wa gidan suna, ko baƙo ya tambayi hanya da shi ake yi masa kwatance: ka bi nan, in ka kai gidan wanda ya sayar da wansa, sai ka yi dama. Ina so ya daɗe yana ji ta taga.